Ɗinkin da Na Taɓa a Cikin Kyanwar Mama Nkechi

A filin jirgin Alƙahira na fara zargin an yi mini sakiyar da ba ruwa. Kafin nan haushi kawai nake ji. Ni Modu tela, da gemuna da 'ya'yana, ina ratsa ƙasashen duniya rungume da kejin kyanwa, Larabawa suna leƙowa suna yi mata wasa, ni kuwa ko sannu babu mai ce mini.

Ga yadda aka yi ta zo hannuna. A unguwar Kwaciri ta Kano aka haife ni, a Fagge nake ɗinki. Tun ina koyon taka keke nake sayen zare da maɓalli da zif a wajen wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ibo a Kasuwar Sabon Gari, Mama Nkechi. Hausa a bakinta kamar jakin Kano. 'Yarta Nkechi a gabanmu ta girma, daga baya ta tafi Istanbul tana aikin auno wa 'yan kasuwa kaya. Da ɗinki ya ja baya a Fagge, wuta babu, masu kawo ɗinki babu, Nkechin ce ta samo mini aiki a can, a wani wurin da ake ɗinka kaftani ana turowa ƙasashenmu.

Da biza ta fito na je yi wa Mama sallama, sai ta ce, "Modu ɗana, akwai ɗan saƙo da za ka kai wa ƙanwarka."

Na ce, "Haba Mama, ko buhu ne ai na ɗauka." Na zaci busasshen kifi ne ko garin rogo.

Sai ta nuna mini kyanwar shagon, tana kwance a kan kwalin zare. Kwastoma ake ce mata, wai don ta shigo shagon wata rana ba ta sayi komai ba kuma ta ƙi fita.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Da na ga ita ba ta dariya, sai na haɗiye tawa.

Ashe ta riga ta yi nisa da shiri. An soka wa kyanwar wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lamba. An yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare. An ɗebi jininta an aika wata ƙasa an auna, don a tabbatar allurar ta kama, sannan aka zauna jiran watanni, wai haka dokar can ta ce. Abin da ya rage shi ne likitan dabbobi na gwamnati ya duba ta dab da tafiya, a rubuta sunan wanda zai tafi da ita a matsayin mai ita. Wato ni. Wallahi wahalar da na sha wajen neman biza ba ta kai rabin ta kyanwar nan ba.

Na ce, "Mama, Nkechi ta san da maganar?"

"Ita ta ce a kawo mata. Mun gama magana, kada ka dame ta."

Matata Yagana ce ta fara jefa mini tsakuwa a takalmi. Ta ce, "Baban Falmata, watanni fa ka ce an yi ana shirin nan. Kai kuma yaushe aka fara yi maka maganar aikin? Ka lissafa mana. An shirya kaya ne tukuna, sannan aka nemo jakin da zai ɗauka."

Na ce mata ta daina mugun baki, matar nan ta san uwata. Ta ce, "To. Ruwa dai ba ya tsami banza."

To, a Alƙahira za mu sauya jirgi. Wajen bincike aka ce in fito da kyanwar daga keji, kejin ya bi ta cikin na'ura, ni kuma in rungume ta in wuce ta ƙofar nan mai ƙara. Ban taɓa ɗaukarta a hannu ba sai ranar. Na tallafo ta ta ƙasa, sai yatsuna suka sauka a kan wani wuri da aka aske gashin, ya fara tsirowa. A tsakiyar wurin akwai layi. Na shafa. Na sake shafawa.

Jama'a, ni tela ne. In an farke abu an mayar, ko idona a rufe na taɓa sai na sani. Ɗinki ne, sawun allura a jere, an tsare shi tsaf. Ƙarƙashinsa kuma akwai ɗan tauri.

Wa ke farke cikin kyanwa? A Fagge kyanwa in ta yi ciwo ta warke, in ba ta warke ba a jefar a bola. Me aka cusa a ciki aka ɗinke? Jami'in yana yi mini hannu in wuce, ni ina tsaye ina shafa ɗinkin. Da ƙyar na ja jiki. Ƙofar ba ta yi ƙara ba, amma ni kaina ƙara yake yi.

A wurin jiran jirgi na zauna kusa da wani Bakano, Alhaji Ɗanlami, ɗan kasuwa mai yawan zuwa Turkiyya saro kaya. Tun daga Kano muke hira, har ya ba ni dabino. Na ce bari in ɗan lalubi bakinsa.

"Alhaji, can ƙasar kyanwa tana da tsada ne?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Tsada? Malam, garin da za ka kyanwa ta fi kaji yawa. A masallaci suna nan, a kanti suna nan, a tashar jirgin ƙasa suna kwance a kan kujera mutum yana tsaye. Kyauta ma in ka ce a ba ka ɗari za a ba ka." Sai ya dubi kejin, ya dube ni. "Af, wai ba taka ba ce?"

"Saƙo ne."

Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo. "Saƙo? Na wa?"

Na gaya masa. Wautata ta kai ni har na gaya masa zancen ɗinkin.

Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, da girmanka? Yau ko goro aka ba ka ka kai wa wani sai ka fasa shi ka duba. Mutum nawa ke ɗaure a ƙasashen mutane saboda saƙo? A cikin takalmi ake sa hodar iblis ɗin nan, a cikin gwangwanin madara, a cikin cikin mutum ma. To bare dabba da ba ta da bakin magana." Ya rage murya. "Tana cin abinci?"

"Tun Kano ta ƙi ci."

"Shi ke nan. Mai kaya a ciki ba ya ci."

Ya tattara jakarsa da ledar dabinonsa ya miƙe. Na ce, "Alhaji, ina za ka? Ba ni shawara mana."

"Shawarata ita ce, ni da kai ba mu san juna ba. Ina da iyali."

Ya koma can nesa ya zauna ya juya mini ƙeya. Kai! Na ji kamar in bi shi in fizge hular kansa. Amma da na tuna, in ni ne shi, wataƙila ko sallamar ba zan tsaya yi ba.

Na kira Mama Nkechi. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, sai wata murya da ban sani ba ta ɗauka, mace, ta ce da ni da Turancin kasuwa Mama ba ta kusa, ta kashe. Matar da wayarta ba ta barin ƙugunta! Biri ya fara kama da mutum.

Na zauna ina auna abin. In na ajiye kejin a bayan kujera na yi gaba, sunana yana jikinsa, lambar wuyanta tana haɗe da fasfona, ga na'urorin ɗaukar hoto ko'ina kamar idon mujiya. In ma na tsira, da wane baki zan gaya wa Nkechi na yar da saƙon uwarta, ita da ke riƙe da aikina? In kuwa na shiga da ita aka farke cikin aka sami abin da nake tsoro, to Falmata sai dai ta yi aure ba ni. Gaba kura, baya sayaki.

Ina cikin wannan hali wata mai shara, dattijuwa Balarabiya, ta tsaya a gabana. Ta yi magana ban gane ba. Ta tafi ta dawo da ruwa a murfin roba ta tura cikin kejin. Kwastoma ta lashe shi tas. Matar ta dubi fuskata, ta sake tafiya ta kawo mini nawa a kofi. Na karɓa na gode, amma ban ɓoye muku ba, sai da ta ba da baya na shinshina ruwan kafin in sha. Haka zargi yake, in ya shiga mutum ko uwarsa ta miƙo masa abu sai ya juya shi.

Na kira Yagana. Ina jin muryarta da kukan ƙaramin ɗanmu da ƙarar injin markaɗen maƙwabta, sai idona ya cika. Ban yi kwana ɗaya da barin gida ba, amma da za a ce ga mota zuwa Fagge da na bar musu aikin da kyanwar duka. Ban gaya mata zancen ɗinkin ba. Ta ce, "Muryarka ba daidai take ba." Na ce sanyin na'ura ne. Ta ce, "Ka yi ta Hasbunallahu dai."

A jirgi na biyu kejin yana ƙarƙashin kujerar gabana, tsakanin ƙafafuna. Duk kukan da ta yi sai in ga kamar kowa ya juyo. Aka kawo abinci. Ni da ba na jin yunwa, sai na tuna maganar Alhaji, mai kaya a ciki ba ya ci, na ce kada ma'aikatan jirgin su sa mini ido. Na cinye komai, har da wani ganye mai tsami da ko akuya ba za ta ci ba, na kuma roƙi ƙarin burodi. Alhaji Ɗanlami ya zo wucewa banɗaki, ya bi ta gefena yana kallon sama kamar mai duban wata.

Muka sauka Istanbul da rana. Filin jirgin gari guda ne, tafiya kamar daga Fagge zuwa Kasuwar Singa ka dawo. Aka buga mini hatimi a fasfo ba matsala. Wajen ɗaukar kaya sai ga jami'i da kare, ƙato, baƙi. Karen ya bar jakunkunan kowa ya nufo ni kai tsaye, ya kafa hanci a jikin kejin. Kwastoma ta kumbura ta yi masa tsaki. Na ce shi ke nan, Modu, taka ta ƙare. Na fara kalmar shahada a zuci. Jami'in ya ja karensa yana dariya, ya nuna mini wata ƙofa.

A bayan ƙofar wata likitar dabbobi ce da farar riga. Ta karɓi takardun tana bi ɗaya bayan ɗaya, ta allura, ta jini, ta lafiya. Ta ɗauko wani abu kamar madubin hannu ta goga a wuyan kyanwar, ya yi ƙara, lamba ta fito, ta gwada da ta takarda. Sannan ta kwantar da ita ta juya cikinta sama.

Yatsunta suka sauka daidai kan ɗinkin. Ta danna. Ta sake dannawa. Gumi ya karyo mini a cikin wannan sanyi. Ta ɗago ta dube ni ta faɗi wata magana da yarensu, da alama tambaya ce. Ban san me ta ce ba, na dai gyaɗa kai. Ko cewa ta yi "Kai ne ɓarawon?" na riga na amsa.

Sai ta yi murmushi, ta sumbaci kyanwar a ka, ta buga hatimi, ta miƙo mini.

Na fito ina jan ƙafa. Kada ku zaci hankalina ya kwanta. Cewa na yi, to, ko dai ba ta gane ba, ko kuma da ita aka haɗa baki. Yanzu saura masu karɓar kaya, kuma irin waɗannan mutane ba sa son barin shaida a raye.

A ƙofar fita wani ya sayar mini da layin waya, ya rantse da hannu a ƙirji yana aiki. Na sa, shiru. Na juyo, ya ɓace. Wannan ce marabar da garin ya fara yi mini. Wani tsoho mai sayar da shayi a wajen tashar motoci ne ya ga ina ta jujjuya waya ina zage-zage da Barbarci, ya miƙo mini tasa. A gefen kekensa kyanwoyi biyu ne kwance, ƙosassu, kowace ta yi biyun Kwastoma. Alhaji bai yi ƙarya ba.

Na kira Nkechi.

"Yaya Modu! Ka sauka? Sannu da hanya! Ina cikin mota, na kusa."

"Na sauka. Ki zo ki karɓi kyanwarki, na gaji."

"Wace kyanwa?"

Na ce, "Kamar yaya wace kyanwa? Saƙon da na rubuto miki ina tafe da shi!"

"Ai na zaci kayan miya ne. Yaya Modu, kyanwa kuma? Ta wa?"

Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba. Na ce, "Nkechi, kada ki raina mini hankali! Uwarki ta ce ke kika ce a kawo. In wani ne zai karɓa ku gaya mini, in ajiye masa a nan in kama gabana. Ni ba a haife ni don in ruɓe a kurkukun Turawa ba!"

Sai ta ce, "Kada ka motsa daga inda kake."

Na zauna a bakin dakali, kejin a gefena, na ɗan matsar da shi nesa da ni. Duk wanda ya dubi wajen sai in ce shi ne. Wani mai baƙar riga ya tsaya yana waya yana kallona, na ciro almakashina daga jakar kayana na riƙe. Ashe matarsa yake jira. Tsohon ya zuba mini shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna. Ya gutsuro wani abu kamar cuku ya tura wa Kwastoma. Abin haushi, ta cinye.

Sai ga Nkechi ta fito daga mota da gudu, da rigar sanyi har gwiwa. Na miƙe na tare ta da faɗan da na tara tun daga Alƙahira. Na ce na ɗauke su 'yan'uwa, na ce uwata ta rasu tana ganin girman uwarta, na ce in talauci ya sa na nemi aiki ba shi ya ce a mai da ni jaki ba. Ko kallona ba ta yi ba. Ta durƙusa a gaban kejin.

"Kwastoma?"

Kyanwar ta yi wani irin kuka da ban ji ta yi ba duk tafiyar nan. Nkechi ta buɗe ta ɗauko ta.

Na ce, "Juya cikinta! Juya ki gani! Wannan ɗinkin na mene ne? Me kuka sa a ciki?"

Ta duba, ta ce, "Cire mata mahaifa aka yi, don kada ta riƙa haihuwa. Nan kusan duk kyanwar gida haka ake yi mata. Masu gidajen haya ma sun fi yarda da irinsu." Ta faɗe shi ne a gajarce, hankalinta ba ya wajen.

Na tsaya da almakashi a hannu kamar wawa.

Ita kuwa fuskarta ta canza. Ta ce, "Yaya Modu, tun da Baba ya rasu Mama ba ta taɓa kwana ba tare da kyanwar nan ba. Da ita take zuwa shago, da ita take komawa gida. Bikin ƙanwata a ƙauye ma a kwando ta tafi da ita. Ko aron kwana ɗaya ba ta bayarwa." Ta ɗago ta dube ni. "Yaya ka baro Mama?"

Ba ta jira amsata ba. Ta riga ta ciro waya.

Wata mata ce ta fara ɗauka. Nkechi ta yi mata magana da Ibo, da ƙarfi. Aka yi ɗan jim, sai hoto ya buɗe. Na leƙa ta kafaɗarta. Mama Nkechi ce a kan gadon asibiti, ba ɗankwali, an maƙala mata robar ƙarin ruwa a hannu.

Da Hausa ta yi magana, ina jin don ta ga ni a bayan 'yarta. "Kwastoma ta iso?"

"Mama, me ya same ki? Tun yaushe?"

"Nuna mini ita tukuna."

Nkechi ta ɗaga kyanwar gaban wayar. Tsohuwar ta yi murmushi ta kira sunanta.

"Mama, tun yaushe?"

"Tun kafin a yi mata allurar farko likita ya gaya mini. Ya ce ciwon ya riga ya bazu. Da na faɗa miki da kin watsar da aikinki kin taho kin zauna kina kallona, ƙannenki kuma wa zai riƙe su? Na so in zo da kaina in gan ki. Sau biyu ina nema suna hana ni biza." Ta tsaya ta numfasa. "Ita kuwa takardunta sun fito. Na ce to, ɗayarmu dai ta je."

Nkechi ta zauna a ƙasa, a kan simintin nan mai sanyi, ta rungume kyanwar tana kuka. Tsoho mai shayi ya juya baya yana goge kofunan da ya riga ya goge. Wayar ta kusa faɗuwa, na karɓe ta.

Mama ta matso da fuskarta. "Modu ɗana, kai ne? Sannu. Na rasa wanda zan yarda da shi in ba shi ita sai kai. Ta ba ka wahala a hanya?"

Na mai da almakashin cikin jaka. Na ce, "Ko kaɗan, Mama. Lafiya lau muka zo."